Mai Gangar Garwashi

Duk mai sauraren kiɗan rok mai nauyi a Jidda ya san ƙungiyar Garwashi, amma kaɗan ne suka san Hafsa. Ba ta hawa dandamali, ba ta riƙe jita, ko baiti ɗaya ba ta taɓa rerawa a gaban jama'a ba. Ita ce dai mai ɗaga waya idan masu shirya biki sun kira, ita ke neman izinin wasa, ita ta san wanda bai ci abinci ba da wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa. Ƙungiyar ta gidansu ce. Wanta Nasir shi ke kan ganguna, ƙanenta Bilal ke waƙa da jita, sai Mohannad, abokin Nasir tun ƙuruciya, mai jitar bas.

A unguwar Karantina aka haife su su uku. Kakansu Bahaushe ne, ya taso daga Sudan ya zo sauke farali, bai koma ba. Mahaifinsu, Malam Na'ibi, mai walda ne, kuma a bayan shagonsa Nasir ya fara dukan tsofaffin durom da guntayen ƙarfe, har maƙwabta suka riƙa kawo ƙara. Wata rana Nasir ya tsinci faifan kiɗan rok a kasuwar gwanjo, ya saurara, ya dawo gida kamar wanda aka canza. Shi ya koya wa Bilal jita, shi ya janyo Mohannad, shi kuma ya raɗa wa ƙungiyar suna. Mohannad ya tambaye shi me Garwashi ke nufi, ya ce, "Wutar da ba ta da harshe amma tana ƙuna."

A shekarun nan ba a yin irin wannan wasa a fili. Sai dai a kama hayar gidan hutu a bayan gari, a gaya wa wanda aka yarda da shi, a rufe ƙofa a yi kiɗa. Hafsa tana aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a lokacin, kuma da yake ita kaɗai ce a gidan ta iya magana da mutane ba tare da ta fusata ba, sai hidimar ta faɗo kanta. Malam Na'ibi ya rasu bai ga 'ya'yansa a dandamali ba. Mahaifiyarsu, Inna Azumi, ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. "Hayaniyar yaran nan" take cewa.

Da gari ya buɗe aka fara ba da izinin wasanni, Garwashi na cikin na farko da suka fito. Bilal na waƙa da Larabcin Hijaz, amshi kuwa da Hausa, samarin Jidda suna ihunsa ba su san ma'anarsa ba. Shekarar da aka rushe Karantina suka yi waƙa a kan unguwarsu, ba zagi, ba kuka, sunayen lunguna kawai da na masu shaguna, a kan kiɗa mai girgiza ƙirji. Waƙar ta zagaye ƙasashen Larabawa. Daga nan aka fara kiransu Riyad da Dammam, wani kamfanin faifai ya ɗauke su, suka ɗauki masu gyaran sauti da direba da masu ɗaukar kaya. Da za a yi rajistar kasuwancin, da sunan Mohannad aka yi, don shi kaɗai ne ɗan ƙasa a cikinsu. Su ukun, duk da a Jidda aka yanke musu cibiya, da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, suke zaune. Haka abokin wasan Nasir ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wajen hukuma. Sukan yi raha da abin. Idan Mohannad ya makara zuwa gwaji, Nasir ya ce, "Ku tashi tsaye, mai gida ya iso."

Lokacin sanyin bara aka gayyace su wani babban biki a bakin teku. Bayan Magariba suka hau, fili cike da mutane har inda ido ya tsaya. Hafsa na gefen dandamali inda ta saba tsayawa, waya a hannu. Waƙa ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Cikin ta uku, daidai inda jita ke yin shiru ganga ta ɗauki kowa, sai Nasir ya riga su. Bugu ɗaya ne, amma bai dawo ba. Ya ci gaba da gudu shi kaɗai, Bilal ya waiwayo ido waje, baitin ya kakare masa a wuya. Mohannad ya taka da sauri har gaban gangunan, ya riƙa dukan ƙasa da ƙafa yana gyaɗa kai, har Nasir ya kamo su.

Jama'a da yawa ba su lura ba. Hafsa kuwa ta ga abin da ba su gani ba. Daga nan har ƙarshen wasan, idon Nasir bai bar hannun Mohannad ba. Ba sauraren 'yan'uwansa yake ba. Kallonsu yake.

Da suka sauko, yana tsaye ya ba ta baya yana goge gumi, ta matso ta ce, "Yaya." Bai juyo ba. Ta ƙara, "Yaya Nasir, sannu." Shiru. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ya zabura ya juyo da murmushi, ya ce, "Lasifikar gefena ce ta samu matsala. Ki yi wa masu sauti magana."

Ba ta yi wa masu sauti magana ba. Washegari da hantsi ta tafi gidansa, ta tarar ya fita, ta zauna da matarsa Zubaidatu a kicin. Ba ta ma gama tambayar ba Zubaidatu ta fashe da kuka. Ta ce abin ya fi shekara. Kunnensa na hagu kusan ya tafi, na dama yana binsa, kuma akwai wani fito da ba ya tsayawa a cikin kansa, ko barci yake. Likita ya gaya masa cewa in bai bar zama a tsakiyar wannan ƙara ba, ragowar ma za ta tafi. Nasir ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

"Ko kukan jaririyarmu ba ya ji sai na taɓa shi," in ji Zubaidatu. "Don Allah Hafsa, ke yake jin maganarki."

Hafsa ta san ba haka ba ne. Nasir na jin maganarta a kan otal da jirgi da lokacin hawa dandamali. A kan ganga ba ya jin maganar kowa.

Kafin mako ya zagayo, wani ya saka hoton bidiyon waƙar ta uku a waya, ya yaɗu. Mutumin kamfanin faifai ya kira daga Riyad. Da ladabi ya yi magana, ya tambayi lafiyar Inna, ya yabi wasan, sannan ya zo kan abin da ya kira don shi. An riga an shirya musu rangadi, Dubai da Alƙahira da wasu biranen Turai, karo na farko da za su fita da sunansu. Kamfani ba zai iya shiga wannan tafiya da shakka ba. Ko dai a samo wani mai ganga, ko kuma a yi tafiyar da sunan Bilal shi kaɗai, a haɗa masa makaɗan haya.

"Ku iyali ne, mun sani," in ji mutumin. "Shi ya sa muka bar muku ku zaɓa."

Ta gaya wa Bilal da Mohannad. Mohannad ya ce shi ba zai iya ba. Duk abin da aka yanke zai sa hannu, amma ba zai buɗe baki ya ce wa Nasir ya sauka ba, don kada ya zama kafili ne ke korar ma'aikacinsa. Bilal kuwa ya ce ba zai tafi shi kaɗai ba ko za a yanka shi, amma ba zai sake tsayawa gaban dubban mutane yana jiran ganga ta kuɓuce ba. Duk suka zuba wa Hafsa ido.

Tun da aka rushe unguwarsu Inna ta koma wani ɗan gida a bene na biyu a unguwar Waziriyya, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci a nan ake cin abincin rana. Ranar ta yi tuwo da miyar kuka, Bilal ya sayo gasasshen nama na agashe. Hafsa ta bari aka ci aka wanke hannu, aka kawo shayi, sannan ta ce tana da magana.

Ta faɗi abin da likita ya ce. Nasir ya dubi matarsa, Zubaidatu ta sunkuyar da kai ta ɗauki jaririya ta shige ɗaki. Sannan Hafsa ta faɗi abin da kamfani ya ce.

"Likitan ne ya kafa ƙungiyar," in ji Nasir, "ko mutumin Riyad?"

"Ya akhi, ba wanda ya ce ka tafi," Bilal ya sa baki. Hausarsa ba ta da ƙarfi, in ransa ya ɓaci sai ta gudu ta bar shi da Larabci. "Ka huta bas. Ka yi magani. Suna naka ne, waƙoƙi naka ne..."

"Kai, rufe min baki. Ni na ɗora yatsunka a kan jita."

Inna, wadda ba ta taɓa sa baki a harkar ba, ta ajiye kofinta. Ta ce, "Tun ranar da kuka fara wannan hayaniya nake roƙon Allah ya raba ku da ita. Ban taɓa roƙon ya raba ku da juna ba. In babbanku ba zai iya ba, ku rufe abin gaba ɗaya. Kowa ya nemi sana'a."

"Inna, ba zai yiwu ba," in ji Hafsa. Ta bayyana mata a hankali. Akwai gidaje da ke ci daga wannan aiki, masu sauti da direba da sauransu. Kuma zamansu su kansu a ƙasar a kan wannan kasuwancin yake. In aka rufe, ina za su? Sudan da ba su taɓa gani ba, wadda yaƙi ke ci yanzu?

Inna ta san wannan gaskiya ce, don 'yan'uwanta da suka gudo daga can suna kiranta kullum.

Nasir ya gyara zama ya fuskanci ƙanwarsa. "Na ji na likita, na ji na kamfani, na ji na wannan yaron. Ke fa? Faɗi da bakinki."

Hafsa ta saci kallon wanta. Wannan ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ruwa ya cika lungunsu. Shi ya tsaya mata lokacin da aurenta ya mutu, dangi na ta surutu. Ta dubi tabarma ta ce a hankali, "Ba za ka yi wannan tafiyar ba, Yaya."

Ya karkato da kunnen dama. "Me kika ce?"

Ba gatse yake ba. Bai ji ba ne. Kowa a ɗakin ya gane haka, Bilal ya rufe fuska da hannu. Dole Hafsa ta ɗago kai, ta dube shi ido cikin ido, ta ɗaga murya kamar mai faɗa.

"Na ce ba za ka yi tafiyar ba! Ba za ka sake hawa gangar ba!"

Nasir ya miƙe, ya ce, "Halas, shi ke nan." Ya durƙusa ya sumbaci kan Inna, ya kira matarsa, suka fita.

Daga ranar ya daina ɗaga wayarta. Ya daina zuwa abincin Juma'a, sai ya zo gaida Inna ranar Asabar da ya san ba zai tarar da kowa ba. Inna ma ta yi fushi da Hafsa nata irin fushin. Ba ta faɗa, amma takan zuba mata abinci ba ta dube ta ba. Mohannad ya sabunta wa Nasir iƙama, ya ci gaba da aika masa rabonsa kamar yadda aka saba. Nasir ya aiko masa da saƙo cewa shi ba mai karɓar sadaka ba ne.

Neman sabon mai ganga kuma ya zama wani ciwon. An gwada wani ɗan Lebanon da ya yi karatun kiɗa, an gwada wani ɗan Filifin da ke wasa a otal-otal, an gwada samarin Jidda da suka haddace waƙoƙin Garwashi tun suna makaranta. Babu wanda ya yi kuskure. Bugunsu daidai yake kamar agogo. Amma da Bilal ya buɗe baki sai waƙar ta fito kamar ta wani. Nasir yana da wani ɗan jinkiri a hannun hagu, wani nauyi da yake saukewa bayan an zata ya wuce, kuma a kan wannan jinkirin Bilal ya koyi numfashi tun yana yaro. Wata rana tsakiyar gwaji ya ajiye jita, ya fita waje ya zauna a kan matakala. Hafsa ta bi shi ta tarar yana hawaye.

"Yaya Hafsa, ban iya waƙa ba," ya ce. "Ashe ban taɓa iyawa ba. Shi ne yake ɗauke da ni."

A wannan makon Zubaidatu ta kira Hafsa a ɓoye ta gaya mata inda Nasir ke yini. Ya koma walda, a shagon wani tsohon yaron babansu a cikin Waziriyya.

Hafsa ta je da azahar, rana na dukan kwano. Tun daga bakin layi take jin ƙarar injin yankan ƙarfe. Ta hango shi a sunkuye kan wata ƙofa, tartsatsi na tashi, kunnuwansa a buɗe babu ko auduga. Ta kira, ta sake kira, sannan ta bi wayar injin har bango ta zare ta. Ƙarar ta mutu. Ya ɗago gilashin fuskarsa ya gan ta.

"Don kada ka kurmance na raba ka da ganga," ta ce da ƙarfi, ma'aikatan shagon na kallo, "shi ne ka zo nan ka ƙarasa da hannunka?"

Ya cire safar hannu, ya wuce ta, ya nufi wani ɗan shagon shayi da ke tsallaken titi. Ta bi shi. Ya sa aka kawo kofi biyu, ya zauna yadda kunnen damansa ke wajenta.

"In haƙuri kika zo bayarwa, sha shayinki ki tafi," ya ce.

"Ban zo ba da haƙuri ba. Ko yau aka sake tambayata, abin da zan faɗa ke nan. Ina so ka ji muryar 'yarka ranar da za ta fara magana."

Ya kawar da kai yana kallon motoci.

"Kin san abin da ya fi min ciwo?" ya ce. "Ba gangar ba ce. Na san zan bar ta, tun bara na sani. So nake in zo da kaina in ce muku na gaji. Ina ta cewa bayan wannan wasan, bayan wancan. Sai kika riga ni, a gaban Inna, a gaban matata."

"Da na jira ka, yaushe za ka zo?"

Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Ban sani ba."

Ta gaya masa halin da ake ciki. Ta faɗi waɗanda aka gwada, ta faɗi abin da Bilal ya ce a kan matakala, ba ta rage komai ba. Ta ce lokacin tafiya na matsowa, kuma ita ba ta san ganga ba, ba ta san me take nema ba. "Kai ka san abin da ka bari a kujerar nan. Ka zo ka zaɓi wanda zai zauna a kai. Ba alfarma nake maka ba, aiki ne, kuma babu mai iya shi sai kai."

Ya juya kofin a hannunsa ya juya. Har ta fara tattara jakarta, sai ya ce, "Muntaka."

Hafsa ta zata ba ta ji daidai ba. Muntaka ɗan unguwar Nuzla ne, Bahaushe kamarsu, mai gangar wata ƙungiya da suka yi gasa da ita a zamanin gidajen hutu. Shi ne ya taɓa cewa a gaban mutane Nasir ba kiɗa yake ba, walda yake da sanduna. Har dambe suka yi a kan maganar, aka raba su da ƙyar, kuma tun daga lokacin ko a jana'iza suka haɗu ba sa gaisawa. Ƙungiyar Muntaka ta watse tun kafin gari ya buɗe.

"Muntakan da ka ce ko sunansa kada a ambata a gidanmu?"

"Shi. Ba na son sa. Amma shi ne."

Tare suka je nemansa bayan kwana biyu. Nuzla ta canza, rabin layukan da suka sani sun zama fili, sai da suka yi ta tambaya kafin aka nuna musu wani wurin ajiye kaya inda yake tuƙa motar rarraba ruwan sha. Suka same shi yana loda galan-galan. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Da ya ga Nasir ya tsaya cak da galan a kafaɗa.

Nasir bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya faɗi abin da ya same shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Muntaka ya sauke galan ɗin a hankali, ya goge hannu a riga.

"Wato sai da kunnenka ya mutu ka san ina da hannu?"

Hafsa ta maimaita wa wanta maganar kusa da kunne.

"Tun da na sani," in ji Nasir. "Me kake zato ya sa ba na son ka?"

Muntaka ya dube shi, ya dubi Hafsa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki. Ya ce ya yi shekaru bai taɓa sanda ba, ya sayar da gangunansa lokacin da aka tashe su daga gida. Nasir ya ce nasa na nan, suna shan ƙura.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Hannun Muntaka ya yi tsatsa, numfashinsa na yankewa kafin ƙarshen waƙa. Amma a tsakiyar waƙar Karantina, inda ganga ke saukowa da nauyi, ya yi wannan ɗan jinkirin ba tare da kowa ya gaya masa ba, Bilal kuwa ya shiga baitin kamar wanda aka buɗe wa ƙofa. Mohannad ya waiwayo ya dubi Hafsa. Ita ba ta san ganga ba, amma ta ga kafaɗun ƙanenta sun sauka.

Nasir ya riƙa zuwa kullum. Likita ya yarda da sharaɗin ya toshe kunnuwa da irin abin da ma'aikatan filin jirgi ke sawa, kuma kada ya daɗe a ɗakin. Yakan tsaya bayan Muntaka, ya ɗora tafin hannu a kafaɗarsa, ya matsa inda yake so a sauke nauyi, ya saki inda yake so a yi sauƙi. Sukan yi faɗa kusan kowace rana. Muntaka ya jefar da sanduna ya ce shi ba jaki ba ne da za a riƙa tuƙa shi, Nasir ya ce jaki ma ya fi shi riƙe lokaci. Sai Mohannad ya ce, "Yalla ya shabab, daga farko," a sake ɗauka. Da Hafsa kuwa, Nasir na magana, amma maganar aiki kawai: a sayo fata sabuwa, a canza lokacin gwaji. Ta karɓi hakan. Ya fi shiru.

Ranar tafiya bai zo filin jirgi ba. Hafsa ta yi ta duban ƙofa har aka kira su. A Dubai wasan ya yi kyau, a Alƙahira ya fi. A wani gari na Turai wasu suka ɗaga kwali da sunan Nasir suna tambayar ina yake, Bilal ya tsayar da kiɗa ya ce da Larabci, "Yana gida, shi ya aiko mu." Akwai kuma masoyan da suka rubuta cewa Garwashi ta mutu tun da aka cire wanda ya kafa ta, har wasu suka binciko sunan Hafsa suka zage ta, suka ce mace ce ta raba 'yan'uwa don kasuwa. Ta karanta a ɗakin otal, ta yi kukanta, ta wanke fuska ta sauka ta tabbatar an loda kaya a mota.

Sun dawo ana gab da azumi. Juma'ar farko Hafsa ta hau benen Inna da tsaraba, tana tura ƙofa ta ga takalman Nasir a bakin shiga. Yana zaune a inda ya saba, jaririyarsa a cinya, da wata 'yar na'urar ji maƙale a bayan kowane kunne. Inna na ta mita cewa yanzu ba a isa a yi gulmarsa a kicin ba, komai yana ji.

"Sannu da zuwa," ya ce wa Hafsa. "Kin rame."

"Aiki ne, Yaya."

"Zauna ki ci."

Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Aka ci abinci. Ya ce ya kalli dukkan wasannin a waya, kuma Muntaka ya yi sauri a Alƙahira, a gaya masa. Da aka kawo shayi sai ya ce ya haɗa sabuwar waƙa tun suna can, amma mai sanyi ce, jita ɗaya da murya, ganga ba ta shigowa sai can ƙarshe.

Bilal ya ajiye kofi. "Mai sanyi? Garwashi? Ya akhi, mutane za su jefe mu."

"Kai me ka sani? Ka ji ta tukuna?"

"Ba sai na ji ba!"

Murya ta fara tashi, Hausa da Larabci na cakuɗuwa, jaririya ta farka ta sa kuka. Inna ta karɓe ta, ta ce in faɗan hayaniyarsu za su yi su sauka ƙasa su yi a titi, ita tana da maƙwabta. Suka miƙe su biyun suka fita suna musu a kan matakala, kowa na katse ɗan'uwansa.

Hafsa ta taya Zubaidatu kwashe kwanuka. Sannan ta fita baranda, ta kira mai situdiyo, ta tambaye shi ko yana da wuri bayan Sallah, akwai sabuwar waƙa.